Tsadar Inshorar Mota Da Fasa Gidaje A Birnin Katsina

Tun daga ran 1 ga Janairu, 2023, kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa mai ƙaramar mota a Nijeriya ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ita ce ta yanke wannan farashi cikin wata takarda da ta aika wa kamfanonin inshora a ƙarshen watan Disamba, 2022. Aka sa wa babur Naira 3,000, Keke Napep Naira 5,000, manyan motocin dakon kaya kuwa Naira 100,000. Shekara biyu bayan haka, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya ba da umurni cewa daga ran 1 ga Fabrairu, 2025, a riƙa tsare duk abin hawan da ba shi da wannan takarda. Saboda haka ma'aikacin gwamnati a birnin Katsina, da ɗalibin da ke hawa babur zuwa manyan makarantun da ke kan hanyar Dutsin-Ma, ba su da zaɓi sai su biya.

Abin da ya kamata ya dami hukuma fiye da tsadar shi ne rashin sanin da ke tattare da takardar. Mutane da yawa suna karɓarta tare da lasin da sauran takardun mota, su naɗe su jefa cikin aljihun mota, suna tsammani motarsu ta shiga inshora ke nan. Ba su gane kurensu sai ranar da ɓarayi suka haura katanga da tsakar dare, suka ɓalle kwaɗon ƙofa suka tura motar waje, ko kuma suka kwance batir da fitilu da na'urar nan da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, suka haɗa da janareta da batiran sola. Sa'an nan ne maigida zai ɗauki takardarsa ya nufi ofishin kamfani, in har ma kamfanin yana da ofis a Katsina, a gaya masa cewa ko anini ba ya binsu. Kuma gaskiya suka faɗa masa. Ƙaramar inshora haƙƙin wani take biya, watau mutumin da aka buge a hanya, ko wanda aka lalata wa mota ko shago ko katanga. Ba ruwanta da motar mai ita, ko ta ƙone, ko ta faɗa kwalbati, ko an sace ta daga tsakar gida.

Adalci ne a ce ƙarin da NAICOM ta yi yana da hujja. Naira 5,000 ɗin nan tun wajen shekarar 2004 aka tsayar da ita, lokacin da dalar Amurka ba ta kai Naira 140 ba. Mai mota na wancan zamani yana biyan abin da ya haura dala 35 ke nan. A watan Fabrairu, 2024, dala ta wuce Naira 1,500, Naira 15,000 kuwa ta koma dala 10 ko ƙasa da haka. Bugu da ƙari, hukumar ta ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa Naira miliyan 3, kuma duk wanda ya taɓa kai mota wurin masu gyaran jiki da fenti ya san miliyan ɗaya ta daɗe da daina isa. Har ila yau sabon kuɗin ya haɗa da katin inshora na ƙasashen ECOWAS, abin da ya shafi Katsinawa sosai domin zirga-zirgarsu ta Jibiya zuwa Maraɗi. To, amma tun da Jamhuriyar Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu, 2025, ya dace direban da ke bin wannan hanya ya nemi kamfaninsa ya rubuta masa a takarda ko zai tsaya masa idan haɗari ya auku a ƙetaren iyaka.

Inda gizo yake saƙar shi ne wani sashe na takardar NAICOM da ba a yi surutu a kansa ba. An ce cikakkiyar inshora, wadda ita kaɗai ce ke biyan sata da gobara da lalacewar motar mai ita, kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, bayan an cire kowane irin rangwame. A da kamfanoni suna gasar sassauta farashi, wasu su karɓi abin da bai kai haka ba. Aka toshe wannan ƙofa. Wata biyar bayan nan, ran 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Tun da yake kusan kowace mota da kayan gyaranta daga waje ake shigo da su, sai farashin motocin da ake kira 'yan Kwatano ya ninka, wasu ma ya ruɓanya fiye da haka. Kashi 5 ɗin bai motsa ba, amma abin da ake cire shi a ciki ya kumbura. Alal misali, motar da darajarta ta kai Naira miliyan 8, cikakkiyar inshorarta ba za ta gaza Naira 400,000 a shekara ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar 2024 Naira 70,000 ne. Watau kuɗin inshorar mota ɗaya mai matsakaicin hali ya kusa albashin wata shida na ƙaramin ma'aikaci. Babban akawu ko malamin sakandare da ya sayi motarsa da rance shekara goma da suka wuce, yau yana zaune da kadarar da ba zai iya sake sayen irinta ba, kuma ba zai iya biyan kuɗin kāre ta ba.

Waɗanda suka daure suka ci gaba da biya su ma akwai ramin da ke jiransu. Mutum ya rubuta darajar motarsa Naira miliyan 3 a shekarar 2021, ya yi ta sabunta takarda a kan wannan adadi domin kada kuɗin ya ƙaru, alhali motar ta kai miliyan 9 a kasuwa. Ranar da aka sace ta, kamfani ba zai ba shi fiye da miliyan 3 ba, kuma za a cire masa kason nan da yarjejeniya ta ce shi zai ɗauka da kansa. Idan wani ɓangare ne kawai aka lalata ko aka kwance, ƙa'idar da ke cikin takardu da yawa ita ce a biya shi gwargwadon abin da ya sa a inshora, wanda a wannan misali sulusin hasarar ne. Wannan yana rubuce, amma da Turancin lauyoyi da ƙananan baƙaƙe, a shafin da ba wanda ke kaiwa gare shi. Dillalin da ya karɓi kuɗin sabuntawa shekara uku a jere bai ce wa mai motar uffan a kan haka ba, ya ci amanar sana'arsa.

Akwai kuma takardun jabu. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta sha bayyana cewa cikin ababen hawa wajen miliyan 12 da ke kan titunan ƙasar nan, waɗanda ke da inshora ta gaskiya ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba. Sauran ko dai ba su da komai, ko kuwa suna riƙe da takardar da 'yan kamasho masu shawagi a bakin ofisoshin lasin suka buga musu da sunan kamfanin da babu shi. Da farashi ya tashi zuwa Naira 15,000, ribar mai buga jabu ma ta tashi. Ga shi kuwa tantancewar ba ta da wuya, domin ƙungiyar tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta waya ko ta intanet ya ga ko takardarsa tana ciki. Jami'in da ke tsayar da mota a titi wannan rumbu ya kamata ya duba. Idan kallon takarda kurum zai yi ya mayar, to, umurnin watan Fabrairu, 2025, kasuwa ya buɗe wa 'yan jabu.

Ba a kan banza jama'a ke gudun inshora ba. A duk faɗin Nijeriya abin da ake kashewa a kanta bai kai kashi 1 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, a Arewa kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Dalili na farko shi ne sunan da kamfanonin suka yi na saurin karɓa da nauyin biya. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a shekarar 2025 ta maye gurbin dokar 2003 da tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945, ta kuma ɗaga jarin kamfanin da ke inshorar dukiya daga Naira biliyan 3 zuwa Naira biliyan 15, domin a rage kamfanonin da ba su da ƙarfin biyan diyya. Mataki ne mai kyau. Sai dai mutumin Rafindaɗi ko Ƙofar Marusa ba zai gaskata ba sai ya ga maƙwabcinsa da aka yi wa sata ya karɓi kuɗinsa a hannu.

Dalili na biyu na addini ne, kuma ba a raina shi. Malamai da yawa suna ganin inshorar kasuwa tana ɗauke da riba da garari, watau ciniki a kan abin da ba a san tabbacinsa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke wannan hukunci a Jidda cikin shekarar 1985, amma a wuri guda ta halatta inshorar taimakon juna, wadda aka fi sani da takaful. Tsarinta shi ne jama'a su zuba gudummawa cikin asusu ɗaya, wanda masifa ta faɗa wa a biya shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, rarar da ta saura a ƙarshen shekara kuma a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. A Sudan aka kafa kamfanin farko mai wannan tsari a shekarar 1979. A Nijeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a shekarar 2013, daga baya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasin. Ga Bahaushen da ya taso ya tarar da adashi da gayya da gudummawar biki, babu wani baƙon abu a nan. Abin mamaki shi ne an haura shekara goma da buɗe wannan hanya, amma ma'aikata da yawa a sakatariyar jiha ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Kayan cikin gida kuwa inshorarsu daban ce, ko cikakkiyar inshorar mota ba ta shafe su ba. Kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyin talabijin da firji da janareta da kayan ɗakin uwargida, yakan kafa sharaɗi cewa sai ɓarawo ya shiga ko ya fita da ƙarfi, ya fasa ƙofa ko taga ko rufi. Wanda ya bar ƙofa a buɗe, ko ya bar makulli a jikin mota, ko ya rufe gida ya yi doguwar tafiya fiye da kwanakin da aka ƙayyade ba tare da ya sanar ba, zai iya rasa haƙƙinsa. Ɗaliban fiƙihu za su ga kamar sun san wannan magana, gama a mazhabar Malikiyya ma ba a tsayar da haddin sata sai an fitar da kaya daga hirzi, watau ma'ajin da aka saba adana irinsu a ciki. Shari'a da kamfani duk sun haɗu a kan cewa mai kaya shi ne mai tsaro na farko. Saboda haka maganar inshora ba ta rabuwa da maganar yadda aka gina gida da yadda ake zaman unguwa.

Abin da aka saba gani bayan an fasa gida a Katsina sananne ne. Washegari maigida zai kira magini a ƙara wa katanga bulo biyu ko uku, a kakkafa kwalabe ko a zagaya waya mai ƙaya, a kira mai walda ya ƙara ƙarafa a tagogi, a sayo kwaɗo mai nauyi. Maƙwabta su ma su bi sahu, domin kowa na tsoron kada gidansa ya zama mafi sauƙin haurawa a layin. Wasu daga cikin waɗannan matakai suna da amfani. Fitilar sola mai kwana a kunne a ƙofar gida da bayan katanga, da makullin sitiyari, da na'urar bin sawun mota, duk suna sa ɓarawo ya canza shawara, kuma kuɗinsu bai kai na inshorar shekara ɗaya ba. To, amma doguwar katanga kaifi biyu gare ta. Ɓarawon da ya riga ya dira ciki, ta ɓoye shi daga idon maƙwabta, ya yi aikinsa a natse. Ƙarafan taga kuma da aka like ko'ina ba tare da an bar ɗaya mai buɗewa daga ciki ba, sukan mai da ɗaki kurkuku ranar gobara, musamman lokacin hunturu da ake kwana da garwashi ko abin dafa ruwa na lantarki. Hukumar kashe gobara da masu ba da izinin gini ya kamata su sa wannan cikin sharuɗɗansu.

Katsina ba baƙuwar katanga ba ce. Ganuwar birnin, wadda tarihi ke danganta gininta da zamanin Sarki Ali Murabus, ta kewaye gari da ƙofofinta, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Marusa, kowace da mai tsaronta, ana rufe su in dare ya yi. Amma katanga ɗaya ce ta kowa da kowa. A cikinta tsaron gida ya dogara ne ga zaure, inda maigida ko almajirai ke kwana, da lungun da duk mai wucewa an san ɗan gidan wane ne, da mai unguwa wanda ba a saukar da baƙo sai da saninsa, shi kuma ya kai magana gaba har ta isa ga Magajin Gari. Ɓarawon da ya shiga irin wannan unguwa, kafin ya kai ga ƙofar da yake nufi ido goma ya gan shi.

Daga ran 23 ga Satumba, 1987, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina birnin ya zama hedkwata, gari ya tsallake ganuwa ya bazu. Aka yanka filaye, aka gina rukunonin gidajen ma'aikata irin su na Dutsen Safe da Goruba da Barhim, sababbin unguwanni suka miƙe ta hanyar Dutsin-Ma da ta Daura da ta Jibiya da ta Kano. A waɗannan wurare ne motocin ma'aikata suke kwana, kuma a nan ne zaure ya ɓace, ƙofar ƙarfe ta maye gurbinsa. Maigida da uwargida suna fita aiki da safe, yara suna makaranta, layi ya yi tsit har azahar. Tsakanin gida da gida akwai kangaye da ginin da ba a ƙarasa ba. Mutum yakan shekara bai san sunan wanda suka haɗa katanga da shi ba, balle lambar wayarsa. Mai unguwa yana nan da sunansa, amma wanda ya kama hayar gida bai san ƙofarsa ba, mai ba da hayar kuma bai ga dalilin kai shi ba.

Gaskiya ne cewa jihar tana fama da abin da ya fi fasa gida muni. Shekara da shekaru hankalin jami'an tsaro yana kan 'yan bindigar daji a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda rayuka ake rasawa. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba, 2023, su kusan 1,500 a rukunin farko, domin waɗannan yankuna aka ɗauke su, kuma haka ya dace. Amma sakamakon shi ne an koma kallon satar cikin gari kamar ƙaramin abu, har wanda aka yi wa ma yakan ji kunyar kai ƙara, ya ce ai ba a taɓa lafiyarsa ba, ya bar wa Allah. Tawakkali abu ne mai kyau, sai dai ga ma'aikacin da ya rage shekara biyu ya yi ritaya, rasa mota rasa abin da ya tara ne a rayuwar aikinsa duka. Kuma satar da ba a rubuta ba, a wurin hukuma ba a yi ta ba, ba za a turo sintiri dominta ba.

Unguwanni da yawa sun ɗauki matakin kansu, suna tara kuɗin wata-wata suna biyan 'yan sintiri. Wannan shi ne mafi arahar inshora da talaka ke da ita, kuma shi ne mafi kusa da tsarin da birnin ya gada. Ya cancanci hukuma ta ƙarfafa shi, ta kuma sa masa linzami. Kowane ɗan sintiri ya kamata a san sunansa da gidansu a wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, a ba shi katin shaida, a koya masa iyakar ikonsa, wato ya kama ya miƙa. Kuɗin da ake tarawa a rubuta shi, a karanta wa jama'a a masallaci ko wurin taro. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris, 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida bayan 'yan banga sun tsare motarsu, ya isa ya nuna inda sintirin da ba shi da mai tsawatawa yake ƙarewa. Wanda ya yi tir da wancan, bai kamata ya yi shiru ba idan aka taru a kan yaro a Sabuwar Unguwa domin an yi ihun ɓarawo.

Sa'an nan sai masu saye. Ba wanda zai kwance batir ko madubin mota ko wayar wutar gida da ƙarfe uku na dare in ba ya san inda zai kai su da hantsi ba. Gwamnatin jiha ta taɓa gane wannan, domin cikin dokar taƙaita matsalar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Agusta, 2021, har da hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Irin wannan tunani ake bukata a cikin birni, amma ba ta hanyar rufe sana'a ba, gama masu tsofaffin kayan gyara da 'yan jari-bola dubban iyalai suke ciyarwa, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne. Abin da ya dace shi ne ƙungiyoyinsu su riƙe littafi: wanda ya kawo kaya, da lambar wayarsa, da abin da ya kawo, da ranar. Sayen kayan sata da sani laifi ne a kundin dokokin jiha tun fil azal. Idan aka hukunta mai saye ɗaya a bainar jama'a, ɓarayi goma sun rasa kasuwa.

Shi ma maigida akwai aikin da ba wanda zai yi masa. Lambar inji da lambar jikin mota ko babur, da lambobin janareta da batiran sola da kwamfuta da waya, a rubuta su a ajiye a wani wuri dabam da gidan, tare da rasit da hoto. Idan abin ya auku, kada a taɓa ƙofar da aka fasa ko a kira mai gyara sai an ɗauki hoto 'yan sanda sun gani. A kai rahoto a ranar, a karɓi takardar shaidar rahoton, a sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin da yarjejeniya ta faɗa, domin jinkiri kaɗai ya isa hujjar hana biya. Wannan ya shafi ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, waɗanda ke haya a wajen makaranta, ɗakunansu kuma su zauna a rufe duk tsawon hutu. Kwamfutar da aikin shekarar ƙarshe ke ciki, in ba a san lambarta ba, ko an gan ta a kasuwa ba a iya karɓo ta.

Sauran aikin na gwamnatin jiha ne, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Gobarar da ta cinye sashe mai girma na Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris, 2021, ta nuna yadda ake ƙarewa idan ba a yi tanadi ba, wato jiran gudummawar gwamnati da ta masu hali, wadda ba ta taɓa kai yawan hasara. Ofishin Shugaban Ma'aikata tare da ƙungiyoyin ƙwadago suna iya zama da kamfanonin takaful su ƙulla tsari na rukuni, wanda zai haɗa mota da kayan gida, a riƙa cire kuɗinsa kaɗan-kaɗan daga albashi kowane wata maimakon a nemi mutum ya kawo shi dunƙule. Ma'aikaci ɗaya ba shi da bakin ciniki da kamfani, amma dubbai in sun haɗu suna da shi. Ko da dokar kashi 5 ta hana rage farashin cikakkiyar inshora, ana iya neman tsari na tsakiya da kamfanoni suka daɗe suna sayarwa, wanda ke biyan haƙƙin wani da gobara da sata kawai, ban da karo. Sharaɗin farko shi ne shiga ta zama da yardar mutum, domin ma'aikata sun gaji da yanke-yanken albashi da ba a shawarce su ba. Na biyu, a sake kimanta darajar kowace mota duk shekara. Na uku, kamfanin da aka zaɓa ya buɗe ofis a cikin birnin Katsina mai ikon biyan diyya, kada a riƙa cewa takarda tana Legas.

NAICOM kuwa, tun da ta iya ninka farashi sau uku da takarda ɗaya, tana iya tilasta wa kamfanoni da takarda ɗaya su haɗa kowace ƙaramar inshora da bayani na shafi guda da Hausa, da boko da ajami, mai faɗin abin da take biya da abin da ba ta biya, da lambar da za a kira in an yi haɗari, da inda za a kai ƙara in kamfani ya ƙi. Gidajen rediyo da talabijin na jiha suna da fili domin irin wannan wayar da kai. Ya kuma kamata hukumar ta riƙa bayyana, jiha-jiha, nawa kowane kamfani ya karɓa na inshorar motoci a shekara da nawa ya biya diyya, domin Majalisar Dokokin Jihar Katsina da ƙungiyoyin direbobi su ga adadin da ya fita daga aljihun Katsinawa tun daga Janairu, 2023, da adadin da ya komo.